Sukuwa da Tarihinta



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu a zangon karatun da ya wuce. Wata ran Asabar da dare, bayan an kashe fitila, muna kwance muna hira, sai wani abokina ya ce wai Turawa ne suka kawo mana sukuwa, kamar yadda suka kawo ƙwallon ƙafa da jirgin ƙasa. Ni kuwa na ce atafau ba haka ba ne, domin kawuna a barga ya tashi, a barga kuma ya yi furfura, ban taɓa jin ya ce wajen Bature aka koyi sukuwa ba. Muka yi ta ja-in-ja har shugaban ɗaki ya tsawata mana. Da gari ya waye na duba, sai na ga ashe dukanmu biyu dokin mai baki muka hau, wanda aka ce ya fi gudu, don babu mai hujja a cikinmu. Saboda haka na yi masa alkawarin zan bincika, in ba shi amsa a gaban kowa. Alkawari kuwa kaya ne. Na shiga laburare, na tambayi malamanmu, da aka yi hutu kuma na zauna da kawu. Ga abin da na samo.

Sukuwa a zamanin da

Sukuwa tsohuwar aba ce ƙwarai. A ƙasar Girka, a wajen wasannin Olamfik na da can, an shigar da tseren keken doki mai dawaki huɗu a shekara ta 680 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), aka kuma shigar da sukuwar mahaya a shekara ta 648. Mahayansu ba su da sirdi, ba su da likkafa, haka nan suke ɗarewa bayan doki. Wani abin mamaki kuma, idan doki ya ci, mai dokin ake naɗa wa kambin nasara, mahayi ko oho. Ta wannan hanya ce wata 'yar sarkin Sparta mai suna Kyniska ta ci tseren keken doki a shekara ta 396, alhali mata ba su shiga wasannin, domin dawakin nata ne.

Larabawa ma ba a bar su a baya ba. Marubutan tarihinsu sun ce a zamanin Jahiliyya an yi wani mummunan yaƙi tsakanin ƙabilar Abs da ta Zubyan, wanda sukuwa ce ta haddasa shi. An yi caca a kan wani ingarma mai suna Dahis da wata goɗiya mai suna Gabra'u. Da mutanen Gabra'u suka ga Dahis zai ci, sai waɗansu da aka sa suka yi kwanto a hanya suka fito suka kauda shi, goɗiya ta wuce. Daga nan rigima ta ɓarke, aka ce sai da aka shekara kusan arba'in ana zub da jini. Har yau sunan dawakin nan biyu ake kiran yaƙin da shi.

Da Musulunci ya zo bai hana sukuwa ba. Malaminmu na addini ya gaya mana cewa ya tabbata a hadisi Manzon Allah (S.A.W.) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya kuma raba su kashi biyu. Waɗanda aka horar aka ba su zango mai nisa, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajere. Horon da ake nufi shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi ta gumi, har kitsen ya zube ya bar tsoka zalla. Larabawa har suna da suna ga kowane doki gwargwadon yadda ya iso, tun daga na ɗaya har na goma. Na biyu suna ce masa musalli, domin kansa yana daidai da kuturin na farko, na goma kuwa sukaitu, wai don ubangijinsa yakan yi shiru saboda kunya.

Yadda Ingila ta tsara ta

To, irin sukuwar da ake yi yau a duniya, mai fili kewayayye da alƙalai da littafin asali, a Ingila aka tsara ta. Sarkinsu Charles na Biyu mayen dawaki ne, shi ya ɗaukaka garin Newmarket, har ma ya hau da kansa ya ci sukuwa a can a 1671. Sarauniya Anne ta buɗe filin Ascot a 1711. Wajen 1750 kuma aka kafa ƙungiyar Jockey Club, wadda ta shimfiɗa dokokin wasan.

Amma ga inda abokina zai ji mamaki. Dawakin da Ingila take taƙama da su, asalinsu daga gabas ne. Irin dokin sukuwa na duniya, wanda zan kira ɗan asali a nan, duk inda yake, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba sai ta tuƙe ga ɗayan ingarmu uku. Na farko shi ne Byerley Turk, dokin wani hafsan soja wanda ya shiga yaƙi da shi a ƙasar Ayalan a 1690. Na biyu Darley Arabian, wanda wani Bature mai suna Thomas Darley ya saya a birnin Halab na ƙasar Sham, ya aika da shi gida a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya iso Ingila ta hanyar Faransa wajen 1729. Aka haɗa su da goɗiyoyin Ingila, aka sami doki mai dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji da gudu kamar iska.

A cikin zuriyar Darley Arabian aka sami wani doki da aka haifa a 1764, lokacin da rana ta yi husufi, don haka aka sa masa suna Eclipse, watau husufi. Sau 18 ya shiga sukuwa, ba a taɓa cin sa ba, har aka rasa masu yarda su kara da shi. Masana sun gano cewa kusan kashi 95 cikin 100 na 'yan asalin da ke duniya yanzu, ta wajen uba daga Darley Arabian suka fito, yawancinsu kuwa ta kan Eclipse. A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara buga littafin asalin dawaki, inda ake rubuta kowane doki da uwarsa da ubansa. Dokin da babu iyayensa a irin wannan littafi, ko ya fi walƙiya gudu, ba a lissafa shi cikin 'yan asali.

Manyan sukuwa na duniya

A Ingila akwai manyan sukuwa biyar na dawaki 'yan shekara uku. Su ne St Leger da aka fara a 1776, da Oaks a 1779, da Derby a 1780, da 2000 Guineas a 1809, da 1000 Guineas a 1814. Tun da yake 'yan shekara uku kaɗai ke shiga, doki sau ɗaya yake samun wannan dama a rayuwarsa. Derby ce ta fi suna. A Epsom ake yin ta, nisanta mil ɗaya da rabi, watau kamar mita 2,400. Ana ba da labari cewa basaraken Derby da abokinsa Charles Bunbury kuɗi suka jefa sama don a ga sunan wanda za a sa wa gasar, basarake ya ci. Sai ga shi dokin Bunbury mai suna Diomed ne ya lashe ta farko. Kowa ya sami nasa ke nan.

Akwai kuma sukuwar tsallake shinge. An ce ta samo asali ne a Ayalan a 1752, inda mutum biyu suka yi tsere daga hasumiyar wata majami'a zuwa ta wata, suna tsallake duk abin da ya tare su. Babbarta ita ce Grand National da ake yi a Aintree kusa da Liverpool tun 1839. Nisanta ya haura mil huɗu, tsalle kuma 30 ne. Gwarzonta shi ne Red Rum, wanda ya ci sau uku, a 1973 da 1974 da 1977.

A Amurka babbar gasa ita ce Kentucky Derby, wadda aka fara a 1875, ana yin ta ran Asabar ta farko a watan Mayu. Abin da ya faranta mini rai a tarihinta shi ne, a sukuwar farko, 13 daga cikin mahaya 15 baƙaƙen fata ne, wanda ya ci ma, Oliver Lewis, baƙar fata ne. A cikin gasa 28 na farko baƙaƙe suka ci 15, kuma ɗayansu, Isaac Murphy, ya ci sau uku. Daga baya wariyar launin fata ta ture su daga sana'ar. Dokin da ya haɗa Kentucky Derby da Preakness da Belmont a shekara guda, an ce ya ci kambi uku. Dawaki 13 kaɗai suka taɓa yin haka, na baya-bayan nan shi ne Justify a 2018. Wanda ya fi su shahara shi ne Secretariat na 1973. Ya gama Kentucky Derby, mai nisan kimanin mita 2,000, cikin abin da bai kai minti biyu ba, har yau babu dokin da ya karya wannan lokaci nasa. A Belmont kuwa ya ba na biyu ratar tsawon doki 31. Da ya mutu a 1989, likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta nauyin zuciyarsa da kusan kilo 10, alhali ta sauran dawaki kamar kilo 4 ce.

A Ostiraliya akwai Kofin Melbourne tun 1861, ranar Talata ta farko a watan Nuwamba, har hutu ake bayarwa a birnin saboda shi. A zamaninmu kuma Larabawa sun koma wa gadonsu da ƙarfi. An fara Kofin Duniya na Dubai a 1996, sa'an nan a 2020 aka fara Kofin Saudiyya a Riyad, wanda aka sa wa kyautar dala miliyan 20.

Kalmomin sukuwa

Kowace sana'a da harshenta. Wanda bai san kalmomin sukuwa ba, ko ya je fili ƙura kawai zai sha ya dawo. Ga kaɗan daga cikinsu.

Nisan sukuwa a Ingila da Amurka da wani ma'auni ake auna shi mai suna falong. Falong ɗaya yadi 220 ne, kamar mita 201, takwas ke yin mil guda. Asalinsa ma'aunin manoma ne, watau tsawon kunya a gonakinsu na da. Tsayin doki kuma da tafin hannu ake auna shi, kowane tafi inci huɗu, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Ɗan asali yakan kai kamar tafi 16.

Ratar da ke tsakanin doki da doki a ƙarshen sukuwa, da jikin doki ake faɗinta. Sai a ce ya ci da tsawon doki biyu, ko da wuya, ko da kai, ko da hanci. Tsawon doki ɗaya kamar ƙafa takwas ne. Hancin doki shi ne abin dubawa a kan layi, don haka ake kafa na'urar ɗaukar hoto a wurin, domin abin da ido ya kasa rabewa hoto ya raba. Idan hoton ma ya kasa, sai a raba kyauta. Mu nan ba mu bukatar aron kalma ga wannan, tun tuni muna cewa an yi kunnen doki, don kunnuwan doki babu wanda ya ɗara wani.

Akwai sukuwar daidaita nauyi. A irinta wani alƙali yakan duba ƙoƙarin da kowane doki ya yi a baya, ya ɗora wa gwani nauyi mai yawa, rarrauna kuma kaɗan, don kowa ya sa rai. Idan mahayi da sirdinsa ba su kai nauyin da aka yanka ba, sai a cika da fallayen dalma a cikin wata jaka ƙarƙashin sirdi. Ana auna mahayi kafin a tashi, a kuma sāke auna shi bayan an sauka. In an ga ya rage fiye da ƙima, sai a ƙwace nasarar. Mahayan sukuwar da ba ta tsalle ba ƙananan mutane ne, yawanci nauyinsu tsakanin kilo 50 da 55. Irin zaman nan da suke yi, su gajarta likkafa su tsuguna a kan kafaɗar doki kamar biri, wani Ba'amurke mai suna Tod Sloan ne ya yayata shi a Ingila daga 1897. Da farko dariya aka yi ta yi masa, da aka ga yana ta ci sai kowa ya kwaikwaya.

Wani abin kuma, dukkan 'yan asalin da ke arewacin duniya ranar 1 ga Janairu ake ƙara musu shekara, ko da wace rana aka haife su. A Ostiraliya kuwa 1 ga Agusta ce. Dokin da aka haifa a ƙarshen Disamba, bayan 'yan kwanaki sai a ce shekararsa ɗaya, ya kara da waɗanda suka girme shi. Saboda haka masu kiwo suke ƙoƙari goɗiyoyinsu su haihu a farkon shekara. Sunan doki ma da doka, ba ya wuce harafi 18.

Namu kalmomin

Da na karanta wa kawu waɗannan, sai ya yi murmushi ya ce, “To, kai ɗan boko, naka na gida fa, nawa ka sani?” Na yi tsuru-tsuru. Ya zaunar da ni a bakin turke ya yi ta lissafa mini. Namijin doki ƙaƙƙarfa shi ne ingarma, macen goɗiya, ɗan ƙarami duƙushi, gajeren doki kuma kuru. Ta wajen launi, baƙi shi ne akawal, fari kili, mai dabbare-dabbare danda, mai ruwan ƙasa-ƙasa fari-fari kuwa gunya. Kayan hawa akwai sirdi da linzami da likkafa da ragama, da majayi wanda ke ɗaure sirdi a cikin doki, da jalala, da ƙaimi na zaburarwa. Tafiyar doki ma iri-iri ce. Akwai taƙama, akwai sassarfa, akwai sukuwa. Fita da doki don ya motsa jini shi ne kilisa. Idan mahayi ya zo a sukwane ya ja linzami doki ya turje, ya yi zamiya ke nan. Idan kuma jama'ar mahaya suka yo haka gaban sarki suka ɗaga hannu suna jinjina, wannan shi ne jahi.

Kawu ya ce in duba da kyau, a cikin kalmar sukuwa da goɗiya da zamiya wace ce ta yi kama da Turanci? Mutanen da suke da sarautar Madawaki da ta Shamaki tun ɗaruruwan shekaru, ya ce, ai ba sai baƙo ya koya musu gwada gudun dawaki ba. Tun suna yara samari ke yin tsere a bayan gari ranar salla da ranar biki. Malamin tarihinmu ma ya ƙara mini da cewa tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da sulke. Turawa kuwa sai a 1903 suka ci Kano.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, abokina ma yana da rabonsa. Filin sukuwa da aka auna aka kewaye, da tsarin gasa da kofi, a zamanin Turawa suka shigo. A Ikko, filin da aka ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960 filin sukuwa ne, shi ne yanzu Dandalin Tafawa Ɓalewa. Dandalin Murtala na Kaduna ma da filin sukuwa ne, kuma a Kano har yau akwai wurin da ake kira Filin Sukuwa. Sai dai kada a gama sukuwa da hawan salla. Hawa ado ne da nuna biyayya ga sarki, sukuwa kuwa gasa ce ta wa ya riga wa. Ashe dai gardamarmu kunnen doki aka yi.

Waɗansu abubuwan mamaki

Shekaru da yawa mutane suna musu a kan ko doki yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa in yana sukuwa. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera na'urori a gefen fili a Kalifoniya, doki yana wucewa suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka nuna lalle yana ɗaukewa, a lokacin da ya tattaro ƙafafun ƙarƙashin cikinsa. Irin waɗannan hotuna suna cikin abubuwan da suka share wa silima hanya.

Doki ba ya numfashi ta baki, sai ta hanci kaɗai. In yana sukuwa kuma, kowane tsalle ɗaya numfashi ɗaya yake yi. Dokin sukuwa yakan yi gudun kilomita 60 a sa'a, wata goɗiya ma mai suna Winning Brew ta kai kimanin 70 a Amurka a 2008.

A 1923, a filin Belmont na Amurka, wani mahayi mai suna Frank Hayes zuciyarsa ta tsaya ana tsakiyar sukuwa, amma gawarsa ba ta faɗo daga sirdi ba har dokin ya ƙetare layi shi ne na ɗaya. Sai da aka zo taya shi murna aka tarar rai ya yi halinsa. Akwai kuma Shergar, dokin Aga Khan, wanda ya ci Derby a 1981 da ratar tsawon doki 10. A watan Fabrairu na 1983 'yan bindiga suka sace shi a Ayalan suka nemi fam miliyan biyu. Ba a biya ba, ba a kuma sāke ganinsa ba.

Inda gizo ke saƙa

Iyayena, a nan nake roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin sukuwa ba daɗi kaɗai gare ta ba.

Na farko ita ce caca. Malaminmu ya bayyana mana cewa malamai sun halatta a ba wanda ya ci kyauta idan ta fito daga hannun shugaba ko wani mai son ƙarfafa wasan. Amma 'yan kallo su zuba kuɗi a kan doki kaza, wanda ya dace ya kwashe na sauran, wannan caca ce, Alƙur'ani kuma ya haramta ta. Yanzu abin ya fi da muni, don ba sai yaro ya je fili ba, a wayar hannu ma ana yi. Mun ga abin da caca ta jawo wa Abs da Zubyan. Ni da idona na ga magidanci a bakin fili ya zauna a ƙasa ya dafa kai, kuɗin takin gonarsa sun bi doki.

Na biyu shi ne ran mahayi. Ɗan kawuna sa'ana ne, tare muka shiga firamare, ya ma fi ni lissafi. Saboda ba shi da nauyi, ga shi kuma ba ya tsoro, sai wani mai dawaki ya ɗauke shi yana hau masa. Kuɗin da yake samu ranar sukuwa suka sa ya ga zaman aji ɓata lokaci ne, ya bar makaranta. Bara, a wani fili na ƙauye, ana cikin kwana majayi ya tsinke, sirdi ya juye da shi, dokin baya ya taka masa cinya. Ba hular kwano a kansa, ba likita a wurin, ba motar ɗaukar majiyyaci. A bayan babur aka kai shi wurin mai ɗori. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma wata huɗu ya yi a kwance, yanzu kuma yana ɗingishi. Mai dokin ya aiko da ɗan abin da ya aiko, mako biyu bayan haka ya sami wani yaron. Ran da na je gaishe shi ya karɓi littafin lissafina ya yi ta jujjuya shi bai ce komai ba. Ni ma ban iya cewa komai ba.

A ƙasashen da suka tsara wasan, mahayi ba ya hawa sai da lasisi da hular kwano da rigar kare ƙirji, motar asibiti kuma tana biye da dawaki. Duk da haka ana karyewa, ana mutuwa, balle inda babu ko ɗaya.

Na uku shi ne hakkin dabba. Ƙafar doki siririya ce, tana ɗauke da nauyin da ya kai kilo 500, in ta karye da wuya ta ɗoru, sau da yawa sai dai a kashe shi don a hutar da shi. Saboda koke-koken jama'a, a 2023 Ingila ta rage yawan bulalar da mahayi zai yi wa doki zuwa shida a sukuwar fili, bakwai a ta tsalle. A 2024 kuma aka rage dawakin Grand National daga 40 zuwa 34. Mu da addininmu ya hore mu da tausayin dabbobi, mu ya fi kamata mu riga kowa. Kawu yakan ce dokin da aka ƙosar da harawa da dusa da kanwa, aka kuma saba da shi, murya ta ishe shi.

Saboda haka ina roƙon masu shirya sukuwa a garuruwanmu su hana ƙananan yara hawa, su tilasta sa hular kwano, su duba sirdi da majayi kafin a tashi, su kuma tanadi ma'aikacin lafiya a bakin fili. Rigakafi ya fi magani. Iyaye kuma, in yaro yana son doki a bar shi ya so, gadonmu ne, amma ya riƙa hawa da hutu, kada sirdi ya raba shi da allo da littafi. Ɗan kawuna ya ce in ƙafar ta ƙara sauƙi zai koma makaranta, ko da ƙannensa zai zauna aji ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Kai kuma abokina, ga amsarka, na sauke kayan alkawari. Idan an yi hutu mai zuwa ina gayyatarka garinmu, kawu ya ce zai ɗora ka a kan kuru, tun da ka ce ba ka taɓa hawa ko jaki ba.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani, amin.